Hannun Kankana da Muryar Jan-baki

A cikin dukan ilimin da ɗan Adam ya tara, tun daga lissafin taurari har zuwa haɗa magunguna, ban san fannin da ya kai gane gola wuya ba. Likita yana da littafinsa, alƙali yana da dokarsa, mai duban wata ma aƙalla yana da watan. Mai gane gola kuwa ba shi da komai sai idonsa, da usur a wuya, da wani yaro ɗan ajin ƙarshe da ke tsaye tsakanin turaku biyu yana sosa ƙeya. Wannan fanni na yi wa hidima har furfura ta cim mini, a wata sakandaren gwamnati da ke tsakanin Kura da Bunkure. A takarda malamin tarihi aka ɗauke ni. Amma ranar da na kama aiki shugaban makaranta ya ga ina sanye da kambas, daga nan tarihi ya koma aikin safe, wasanni suka zama sana'a.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da na ji kwanan baya a teburin mai shayi. Wani sabon malami, wanda a gidan kallon ƙwallo ya yi duk karatunsa na wasanni, ya dube ni ya ce, "Ai Baba, zaɓen gola simpul ne. Ka samo dogon yaro ka cusa shi a raga, shi ke nan." Abokansa suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don shayin da zafi, bayanin kuma da tsawo. Yanzu shayin ya huce, ga bayanin.

Sai ku fara sanin abin da ake nema. Manyan kwalejoji na birni suna da gasar da suke bugawa tsakaninsu, saboda haka kowace shekara sukan ware ɗan gurbi ga 'yan wasa. Yaron da sakamakon jarrabawarsa ya tsaya tsaka-tsaki, bai faɗi ba, bai kuma yi abin a buga masa ganga ba, yana iya shiga ta wannan ƙofa. Ɗan gaba ba ya bukatar mai gabatarwa, ƙwallayen da ya ci su ne shaidunsa. Gola kuwa in ya yi aikinsa da kyau, babu abin da ya faru ke nan, to yaya ake auna abin da bai faru ba? Shi ya sa kociyoyin kwaleji sukan aiko wa irinmu na karkara da tambaya: "Malam, kana da gola?" In ka ce e, ka ɗauki makomar ɗan mutane ka ɗora ta a kan ganin idonka.

Ranar farko a hannun Malam Tanimu, malamin wasannin da na gada, bokitin toka ya miƙo mini. Ya ce in zana layukan fili. Na ce ni fa mai takardar shaidar koyarwa ne. Ya ce to madalla, ashe layin zai miƙe. Zango guda ina zuba toka, ina kai ƙwallo wurin mai faci, ina tsamo ta daga kanal ɗin ban ruwa, bai bar ni na taɓa usur ba. Sai wata yamma ana atisaye ya ja ni bayan raga ya ce, "Kada ka kalli yaro lokacin da ƙwallo take zuwa. Ka kalle shi bayan an ci shi. In ya ɗauko ta a raga da kansa, gola ne. In ya tsaya neman wanda zai zaga, ka mai da shi ɗan baya." Na riƙe wannan kamar karatun allo. Washegari wani yaro aka ci shi, ya ɗauko ƙwallo da kansa cikin ladabi, Malam Tanimu ya kore shi daga raga.

Na ce, "Malam, ai jiya ka ce..."

Ya ce, "Ba ka ga ya saba ɗaukowa ba?"

Haka karatun ya kasance har ya yi ritaya. Yau ya ce a duba ƙafa, gobe ya ce ƙafa ta mai faci ce, ido ake dubawa. Na daɗe ina zaton yana ɓoye mini asirin sana'ar ne. Daga baya na fara zargin ko shi ma nema yake yi, ya ga ya samu abokin nema.

Kayan aikinmu sun cancanci a tsaya a kansu, don ku 'yan yanzu kun ɗauka a kanti ake haihuwar komai. Turakun ragarmu tsofaffin bututun ban ruwa ne da wani manomi ya yar. Ragar kanta buhunan albasa ne, irin masu ido-ido, muka farke muka ɗinke. In aka buga ƙwallo da ƙarfi ta shiga, sai warin albasa ya tashi, har gola ya samu dalilin hawaye. Usur ɗina ƙwayar cikinsa ta faɗi tun shekarar farko, na musanya ta da ƙwayar masara, ta yi aiki har ranar da ta jiƙa ta kumbura ana tsakiyar wasan ƙarshe. Muna da doguwar gora da aka ɗaura wa tsohon kwandon tumatir a baki, ta tsamo ƙwallo daga kanal ɗin da ya bi ta bayan ragar gabas. Duk wanda ya buga ta faɗa ruwa shi zai bi ta da gudu, kafin ta kai gonar mutanen Bunkure.

Sai kuma babbar dukiya: safar hannu ta gola, guda ɗaya tak, hagu da dama. Wani baƙo ne ya ba makarantar kyauta tun kafin zuwana. Ba a ɗakin wasanni take kwana ba, don ba mu da shi. Tana cikin kabad ɗin shugaban makaranta, gefen hatimi. Ba a fito da ita sai ranar gasa, kuma shugaba da kansa yake miƙo ta da hannu biyu, kamar mai ba da tuta.

Masu hulɗa da mu kashi-kashi ne. Akwai shugaban makaranta, wanda kofi yake so ya ajiye a kan tebur. Akwai kociyoyin birni, waɗanda suke son yaro dogo, mai ladabi, marar ci. Sai iyaye, waɗanda yawancinsu ba su taɓa gamsuwa cewa gola ɗan wasa ne ba. Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, me ɗana ya yi maka? 'Ya'yan mutane suna ta gudu ana tafa musu, nawa ka tsayar da shi a ƙofa kamar maigadi." Na yi masa bayanin cewa shi ne mafi muhimmanci a fili, shi kaɗai aka yarda ya sa hannu. Ya ce, "To in hannu zai sa, ai ga gona can."

Shekarar da ta fi kowace wahalar da sana'ata, ku sani, ita ce shekarar da tumatir ya yi albarka. Ya yi yawan da kwanduna suka ƙare, motocin kudu suka kasa kwashewa, kowa ya ɗauki wuƙa ya kama yanka ana shanya kauɗa. Duk wani wuri mai faɗi da rana ke taɓawa aka rufe shi da ja. Wata safiya na zo na tarar da filina, tun daga wannan raga har waccan, shimfiɗe da tumatir, wata tsohuwa kuma tana zaune a daidai wurin bugun fenariti tana korar awaki. Na ruga ofis.

Shugaba ya ce, "Malam, iyayen yara ne. Ka yi haƙuri, 'yan kwanaki ne."

'Yan kwanakin nan suka cinye zangon. Ana kwashe busasshe ana zuba ɗanye. Layukan tokata suka tafi cikin miyar mutane. Kuma a wannan zangon ne saƙo ya iso daga wani Koci Ɗanjuma na wata kwaleji a birni: golansu ya gama karatu, suna neman guda ɗaya, gurbi ɗaya, in kawo wanda na yarda da shi.

Golan makarantarmu a lokacin Haladu ne. Tun yana ƙarami aikinsa korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa, yana tsaye a kan rumfa daga safe har yamma yana jan igiyar gwangwanaye yana ihu. Abin da wannan aiki ya bar masa shi ne murya. In Haladu ya ce "Kai!" daga raga, mai keke a kan hanyar kanal sai ya waiwaya. 'Yan bayansa ba sa gyangyaɗi, kowa ya san inda zai tsaya, don ana kiran sunansa da na unguwarsu. Matsalar hannu ce. Hannun Haladu kamar faranti yake: abin da ya faɗa kai, tsalle yake yi ya tafi wani wuri. Yana tarewa, amma ba ya kamawa, sai ƙwallo ta dawo gaban maƙiyi kamar an aike ta.

Da shi na yi niyyar tafiya, don ba ni da wani. Sai wata Asabar na tsaya a bakin titi inda ake lodin kankana, ina jiran adaidaita sahu. In ba ku taɓa tsayawa kun kalli wannan aiki ba, ku tsaya. 'Yan loda jeri suke yi: na ƙasa ya ɗauko daga tari ya jefa, na tsakiya ya cafe ya jefa sama, na kan mota ya cafe ya jera. Kankana ba ta son a tare ta da ƙarfi, fashewa take yi. Sai dai a karɓe ta, hannu ya bi ta baya kaɗan, kamar mai karɓar jariri. Na tsakiyan nan na zuba wa ido. Dama, hagu, sama, wadda ta zo a karkace, wadda aka jefo da mugunta, duk a hannunsa suke kwanciya ba ko ƙara. Da ya juyo sai na ga ashe ɗalibina ne, Sabi'u, na ajin ƙarshe, wanda shekarunsa a ajina ban taɓa jin kalar muryarsa ba. Na koya masa tarihin daulolin ƙasar Hausa kaf, ban san yana da hannu ba.

Na matsa wurin shugaban 'yan lodan na tambaye shi yadda suke koyar da yaro. Ya ce, "Ba wani koyarwa, Malam. Abu biyu ne. Ba a sa komai a hannu, ko zobe, don da fata ake jin kankana. Sannan ba a riƙe ta. Kana cafewa ka miƙa wa wanda ya buɗe hannu, don ta bayanta tana sama. In ka tsaya kallonta, a fuska za ka karɓi ta biyun." Na ji maganar, na yaba da ita, na ɗauka labarin kankana ake ba ni.

Atisayen farko a wata gonar shinkafa da aka girbe muka yi shi, ƙasa duk ta tsage, da takalma biyu a matsayin turaku. Na sa manyan 'yan gabanmu suka yi ta bugu. Sabi'u ya cafe komai. Amma kafin in rufe baki daga mamaki, ƙwallo ta bar hannunsa, ya riga ya jefa wa na kusa. Na ce, "Riƙe ta! Taka ce! Duba fili tukuna!" Sai ya riƙe, fuska a yamutse, kamar wanda aka damƙa wa garwashi, yana ta kallon sama ko wata na tafe. Batun magana kuwa, na ce ya kira 'yan bayansa. Ya matsa kusa da ɗaya ya ce a hankali, "Don Allah ɗan matsa." Haladu yana gefe ya faɗi ƙasa don dariya.

To ga ni da gola biyu, ko in ce rabin gola biyu. Ɗaya yana da hannu ba murya, ɗaya yana da murya ba hannu, gurbi kuma ɗaya ne, ba a shiga da rabi. Sakamakonsu na aji kusan ɗaya, duk na tsaka-tsaki. Wanda bai shiga ta wannan ƙofa ba, da wuya wata ta buɗe masa. Mahaifin Sabi'u, Malam Ya'u, ya same ni har gida da la'asar, ya tube takalmi ya zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Malam, an ce za ka kai yaron nan kwaleji. In haka ne, in nemi wanda zai tsaya a wurinsa a loda. In kuma ba haka ba ne, ka faɗa mini tun yanzu, kada in saki wurin."

Na ce ana kan nazari.

Ya ce, "Nazarin zai kai kakar kankana ta gaba?"

Haladu shi ma ya tare ni a bakin aji, kuma ko da ya rage murya sai da ajin kusa ya ji. "Malam, ni ne fa golanka tun aji uku. Ni na sha bugu a ciki, ni na sha a fuska. Yanzu don an ga mai kankana?"

Na hau keke na tafi wurin Malam Tanimu, wanda ya koma tsaron rumbun albasarsa a bayan gari. Na zayyana masa komai, na ce, "Hannu ko murya?" Ya juya wata albasa, ya shinshina, ya ajiye. Ya ce wanne ya fi tsawo. Na ce kansu ɗaya. Ya ce wanne ne in an ci shi yake ɗauko ƙwallo. Na ce Sabi'u ba a ci shi ba tukuna, Haladu kuma ihu yake yi har wani ya ɗauko masa. Ya sake juya wata albasar.

Ya ce, "Kai su duka biyun. Allah ya zaɓa, koci ya ɗauki laifin."

Wannan ita ce fatawa mafi tsabta da na taɓa samu daga bakinsa.

Ranar tafiya shugaba ya buɗe kabad ya miƙo safa, tare da gargaɗin da ya fi na ranar jarrabawa tsawo. A cikin mota na ba Sabi'u ita, don a lissafina mai hannu shi ya cancanci kayan hannu. Ya zura, ya buɗe yatsu, ya rufe, ya cire.

Ya ce, "Malam, ba na jin hannuna."

Na ce ai haka ake yi, duk manyan gololi da safa suke kamu.

Ya ce, "A yi haƙuri, Malam. Za ta zame."

Kafin in ƙara magana Haladu ya fizge ta ya sa. Da ita ya karɓi gyaɗa a hannun mai talla, da ita ya yi ta fama da ɓawon har muka shiga birni.

Filin kwalejin da ciyawa, ragarsa kuma ba ta warin komai. Koci Ɗanjuma mutum ne mai tumbi da hular hana sallah, waya manne a kunne. Ya gaisa da ni da hannun hagu yana ba da haƙuri, ya raba ɗalibansa gida biyu, ya nuna wa kowane yaro raga ɗaya. Aka fara.

Abin da Sabi'u ya yi a ranar ban sake ganin irinsa ba, har a talabijin. Ƙartin kwaleji suka yi ta sakar masa bugu, yana karɓa da hannu tsirara, ba ƙara, ba tsalle, kamar ana miƙo masa kuɗin cefane. 'Yan kallo suka fara taruwa a bayan ragarsa. Ni kuwa ina ta raɗa a raina, riƙe, riƙe, yana kuwa riƙewa, yana yamutsa fuska. Can ɗaya ɓangaren Haladu ya buɗe makogwaro. Bai san sunan kowa ba, sai ya raɗa musu nasa: "Kai mai jan wando, koma! Dogo, barci kake? Mai ƙeya, ga mutuminka can!" Manyan ɗalibai, wasu da gemu, suka kama bin umarnin ɗan ƙauyen da ko karin kumallon kirki bai yi ba. Duk da haka aka ci shi, aka sake cin sa, aka kuma. Kowace sai ta fara dukan safa tukuna, ta yi sallama, sannan ta wuce.

Ana dab da tashi aka samu bugun kwana a ragar Sabi'u. Ƙwallo ta taso sama, ya tashi ya cafe ta a tsakiyar kawuna, ya sauka. Wani ɗan gaban abokan hamayya, da yake ganin an ture shi, ya juyo yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi, ya ware hannuwansa biyu a gaban Sabi'u. Ban ga lokacin da abin ya faru ba, sai dai na ga ƙwallo tana tafiya a hankali, cikin ladabi, daga hannun golana zuwa ƙirjin mutumin. Ta dake shi a ƙirji, ta sauka a ƙafarsa. Ya dube ta, ya dubi Sabi'u, ya dubi alƙali. Alƙali ma usur na bakinsa bai san abin da zai busa ba. Sai mutumin ya ɗan tura ta cikin raga, kamar mai jin kunya.

Da aka tashi, Koci Ɗanjuma ya sauke waya, ya dubi wannan raga, ya dubi waccan, ya nuna Haladu da haɓa.

Ya ce, "Wancan. A bar shi ya kwana, gobe akwai atisaye."

Muka hau mota mu biyu. Haladu yana bakin ƙofar kwaleji yana ɗaga mana manyan hannuwa farare, yana yi mana addu'ar sauka lafiya da muryar da ta tayar da tantabarun unguwar. Sai da muka wuce gonakin farko na shinkafa Sabi'u ya yi magana.

Ya ce, "Malam, buɗe hannu ya yi."

Na ce, "Na gani."

Malam Ya'u da na kai masa labari ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Dama ban saki wurin ba. Gobe akwai mota biyu."

Wanda ya karanta tarihi ba ya barin abu ya wuce bai ciro darasi ba. Na zauna na yi tunani: ƙwararren koci ya ga hannun da babu irinsa, ya ga muryar da babu irinta, ya ɗauki murya. Ashe gola shugaba ne kafin ya zama mai kamu. Ashe kuskure ɗaya na rashin tunani ya fi ƙwallaye da yawa na rashin hannu muni. Na gina mazhaba a kan wannan. Na gabatar da ita a taron malaman wasanni na shiyya, aka tafa, wani ma ya nemi in maimaita a hankali. Daga nan duk yaron da ya ce yana son raga, sai in tura shi tsallaken kanal in ce ya kira ni. In na ji sunana ras, ya wuce matakin farko. Manoman wurin suka saba, har wani ya roƙe ni in riƙa yin gwajin kusa da gonarsa lokacin da shinkafa ta fitar da kai.

Sakamakon dai bai taɓa zama daidai ba. Na kai masu murya aka ɗauka, na kai masu murya aka dawo mini da su. In aka dawo da yaro sai in ce muryarsa da ƙarfi amma ba ma'ana. In aka ɗauki wani shiru-shiru daga wata makaranta sai in ce idonsa ne yake ihu. Mazhabar ta yi ta samun reshe har ni mai ita nakan ɓace a ciki. A lokacin ne na fara fahimtar Malam Tanimu, na kuma lura sabon malamin da aka haɗa ni da shi yana yi mini irin kallon da nake yi wa tsohon.

Haladu ya gama kwaleji, yau shugaban wata firamare ce a wajen Madobi, kuma makarantarsa ba ta taɓa sayen lasifika ba. Sabi'u shi ne shugaban 'yan loda a wurin nan na bakin titi. In na wuce yakan zaɓo ƙaramar kankana ya jefo mini a hankali, ni kuma in tare ta da ƙirji da gwiwa da addu'a. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ko wanne ne a cikinsu ya dace da gurbin, wannan tambaya ce da nake juyawa in ina kan keke, ban kai ƙarshenta ba.

Da a ce bara na rubuta wannan, da nan zan gyara zama in ba ku shawara, ku masu cewa simpul ne: ku fara da murya, hannu ya biyo baya. Sai dai ranin da ya wuce na je injin casar shinkafa a Kura, na tarar da wani tsoho a kan benci yana tauna ƙwayar shinkafa don ya ji ko ta bushe. Tumbin ya ragu, hular ta canza, amma wayar tana nan. Koci Ɗanjuma ne, ya yi ritaya, ya zo sayen ta gida. Muka gaisa, na tuna masa da kaina, na ce akwai tambayar da na daɗe ina son in yi wa masani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan biyu da na kawo maka. Me ka gani a jikin Haladu? Muryar ce ko?"

Ya ce, "Wane Haladu?"

Na kwatanta masa: shekarar tumatir, mai ihu, wanda ya raɗa wa ɗalibansa sunaye.

Ya ce, "Au! Mai safa!" Ya yi dariya har ya tofar da shinkafar. "Ai Malam ka taimake mu. Tamu ta yage, ga gasa ta matso. Na duba na ga ɗaya da safa, ɗaya babu."

Na ce, "To ƙwallon da ɗayan ya miƙa wa ɗan gabanku fa?"

Ya ce, "Wace ƙwallo? Ina jin waya nake yi lokacin."

Aka kira shi, buhunsa ya fito. Ya ɗora a adaidaita sahu, ya ce in na samu gola mai kyau in tuna da sabon kocin da ya gaje shi.

Safar ta makarantarmu ce, kuma har na yi ritaya ba a dawo da ita ba.